Kwamitin da ciyaman ya naɗa, shi ne wanda kotu ta haramta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ya kafa kwamitin mutum 9 da zai ja ragamar aikin gyaran kasuwa da rijiyoyin burtsatse, har da sunana a ciki, sai wani abokina ya ce ai kotun ƙoli ta haramta naɗa kwamiti a ƙananan hukumomi. In karɓa ko in bari?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka ya ji labari amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Abin da kotu ta haramta shi ne kwamitin riƙo, wato kantomomin da gwamna ke ɗorawa a kujerar zaɓaɓɓen ciyaman da kansiloli. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ƙaramar hukuma sai ta zaɓe, kuma a hukuncin 11 ga Yuli 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, wadda kuma kantoma ke riƙe da ita ba ta da kaso. Ko a 2021 ma ai ta ce rushe zaɓaɓɓun shugabanni da aka yi a Katsina da Oyo ya saɓa doka.

Naku daban ne. In dai ciyaman ɗin zaɓaɓɓe ne to yana da hurumin ɗauko mutane su taya shi sa ido kan wani aiki guda, ku ba da shawara, ku bi sawun ɗan kwangila, ku kawo rahoto, shi ke nan, ba ku yin doka ba ku amincewa da kasafi, wannan na majalisar kansiloli ne.

Amma fa kafin ka ce na karɓa, nemi takardar naɗi a rubuce. Na sha ganin kwamitin da aka sanar a rediyo, aka yi rantsuwa aka ɗau hoto aka ci shinkafa, wata shida ba a zauna ko sau ɗaya ba, ranar da kuɗin aiki suka yi ɓatan dabo kuma sunayen 'yan kwamiti mutanen gari suka riƙa kira. Wannan abin yana min ciwo wallahi, don yawanci mutanen kirki ne ake ɓata wa suna. Takardar ta faɗi aikinku, wa'adinku, wa za ku kai wa rahoto, da ko akwai alawus na zama.

Sannan duba su waye a ciki. Aikin kasuwa ba sarkin kasuwa ba wakilin hakimi, ba mace ko ɗaya alhali mata da yara ne ke layin ruwa da jarka tun asuba, to akwai gyara, ka faɗa tun zaman farko. A samu injiniya daga sashen ayyuka da sakatare mai rubuta bayanan kowane zama.

Ka karɓa in an ba ka takardar. Kuma kar ka sa hannu kan shaidar kammala aiki sai ka je da ƙafarka ka buga famfon ka ga ruwa ya fito.