Tambayi likitan haƙori: biniya, goro da wushirya

Wata baiwar Allah daga Aboabo a ƙasar Ghana ta rubuto cewa bikinta ya matso, tana so a sa mata biniya ta rufe wushiryarta, wai shekara nawa zata yi?

Ƙanwata, biniya wani siririn tangaran ne da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba, kaurinsa kamar rabin milimita, kusan farcen yatsanki. In aka yi aikin da kyau yana kai shekara 10 zuwa 15, wasu ma su wuce. Amma sirrin yana wajen mannawar. Gam ɗin yafi kama farin ɓawon haƙori, in likita ya kankare da yawa har ya taɓo rawayan sashen dake ƙarƙashi to riƙon ya ragu, daga nan sai ɓallewa da tsamin haƙori in kin sha ruwan sanyi. Kuma ɓawon nan da aka kankare baya tsirowa, kin shiga kenan har ƙarshen rayuwa, duk sanda tangaran ya lalace sai an sake wani. Shiyasa wallahi bana jin daɗin taɓa lafiyayyen haƙori. Wushiryar da iyayenmu ke yabawa a fuskar amarya? Ki kwana ki tashi da maganar tukuna. In kin dage, akwai farin cikon da ake ɗorawa kusan ba kankara, baya daɗewa kamar tangaran amma haƙorinki na nan.

Wani Alhaji daga unguwar Asawase a Kumasi yace goro ya rine masa haƙora, dasashinsa kuma na jini in yayi asuwaki, ko za'a iya sa masa biniya?

Alhaji ranka ya daɗe, jinin nan shi zamu fara bi. Ba'a ɗora biniya kan dasashi mai ciwo, zai janye ne bakin tangaran ɗin ya fito fili. A je asibitin Komfo Anokye dake Kumasi ko wani asibitin haƙori a wanke haƙoran, yawancin jan goro a wankin yake fita. Shi tangaran baya kama launi sosai, amma gefen da gam yake yana kamawa.

Wani matashi direba yace matarsa na jin yana cizon haƙora cikin barci, kuma yaga ana zuwa Turkiyya ana dawowa da haƙora fari tas.

Ɗan uwa, cizon nan shine babban mai fasa biniya, tangaran ai tangaran ne, ka tuna farantin ɗakin Hajiya. Dole sai da robar da ake sawa a baki da dare, kuma an daina buɗe kwalba da haƙori, an daina tauna ƙanƙara da ƙashin kaza. Su kuma na Turkiyya, da yawa hula ce aka kifa musu bayan an fiƙe haƙorin ya koma kamar tsinke, ba biniya bace. Kafin ka buɗe wa kowa baki ka tambaya nawa zai kankare, kuma ka sani katin inshorar lafiya baya biyan aikin kwalliya, daga aljihunka ne.