Wace lamba ce ta kwance a (3, 5)?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki da ke makaranta a Jidda ya rikice a kan ɗigo (3, 5) na zanen giraf a lissafi, bai san lambar kwance ba.

Ita ce ta farko, 3, wato x, س a littattafan Larabci. Tana nuna nisan ɗigon daga layin tsaye: daga mahaɗar layin tsaye da layin kwance a ƙirga gida 3 zuwa dama. Da −3 ce, hagu za a nufa. Sannan a hau gida 5.

Yara sun fi tuntuɓe wajen musanya lambobin, tunda a rubutun Larabci ta farko tana dama cikin baka. (5, 3) kuwa wani wuri ne daban. Ki sa ya riƙa zanawa a takarda mai gida-gida. In rikicin bai warware ba, ki ga malaminsa kafin jarrabawa.