Bishiyar roba a falo: yadda ake gane mai kyau kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna shirin jeren ƙanwata a Kano. Falonta madaidaici ne, kujeru saiti ɗaya da teburin cin abinci a gefe. Tana son bishiyar roba mai kama da dabino, don ba ta da lokacin rainon shuka. Na zaga kasuwa na ga iri-iri, farashin wata ya ninka na wata, kuma a hoto duk kyau gare su. Yaya zan gane mai inganci, kuma wane tsayi ya dace?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Kafin maganar kyau, mu fara da ƙura, domin a Kano ita ce ke yanke hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ɗaki ko an kulle tagogi, kuma bishiyar roba ba ta zubar da tsohon ganye ta fitar da sabo. Duk abin da ya sauka a kanta yana nan sai an sa hannu an goge. Saboda haka abin da za ki fara tambayar kanki a gaban kowace bishiya shi ne: amarya za ta iya goge wannan a minti goma?

Wadda 'yan kasuwa ke kira dabino yawanci ba dabinonmu aka kwaikwaya ba. Areka ce, wata 'yar'uwar kwakwa da asalinta Madagaska, mai rassa da yawa da siraran ganye ɗaruruwa. Tana da kyau ƙwarai, tana cika kusurwa, amma kowane siririn ganye mazaunin ƙura ne. In dai ƙanwar taki ta kafe a kan dabino, ki nemi irin kentiya, wadda rassanta ba su da yawa, ganyenta ya fi faɗi, yana rusunawa ƙasa. Ni dai in zaɓi nawa ne, mai faɗin ganye zan ɗauka: ko mai kama da ayaba, ko wadda ake kira fidil. Ita fidil dangin gamji da durumi ce, kuma asalinta dazukan Afirka ta Yamma ne, daga Saliyo zuwa Kamaru. Ganyenta ya fi tafin hannu girma, tsumma mai danshi ya wadatar. Masu kama da zaitun da gora kuwa, ƙananan ganyayensu sun fi na areka wahalar sha'ani.

Bambancin farashin da kika gani, akasari daga kayan da aka yi ganyen ne. Mafi yawan waɗannan bishiyoyi daga ƙasar Sin ake shigo da su, daga manyan kasuwannin sari irin na Yiwu da Guangzhou, kuma daraja-daraja ne. Akwai ganyen yadi, wanda ake cewa siliki alhali foliyesta ne. Yana da laushi a ido, sai dai ƙura na shiga cikin saƙar, bakinsa kuma yakan fara tsefewa. Akwai roba mai araha mai ƙyalli kamar leda, wadda tun daga ƙofa baƙo zai gane ta, sau da yawa har da wari. Sannan akwai roba mai kauri da aka yi zubinta a siffar ganye, mai jijiyoyi irin na ganyen gaske, wadda ba ta walƙiya kuma tana jure wanki. Wannan ta ƙarshe ce ta dace da mu.

Ki tafi kasuwa da farin tsumma mai ɗan danshi. Ki murza ganye ɗaya. In launi ya fito a tsumman, ki bar ta. Ki juya bayan ganyen ki duba, don a nan aikin ha'inci ke bayyana: zare a bakin ganye, ko gam da ya daskare a inda ganye ya haɗu da reshe. Ki ɗan ja ganyen a hankali, kada ya zame. Ki lanƙwasa reshe. Mai kyau akwai waya a cikinsa, zai tsaya inda kika aje shi. Launi ma abin lura ne. Bishiyar Allah ba ta zama kore iri ɗaya daga sama har ƙasa, sabon ganye ya fi haske, tsoho ya fi duhu, kuma masu aiki mai kyau suna kwaikwayon hakan. In gangar jikin itacen gaske ne, ki duba ko akwai ƙananan huji da gari-gari, alamar ƙwaro ke nan.

Batun tsayi, ki auna kafin ki fita. Silin gidajen zamani yakan kai kimanin ƙafa 10, wato mita 3, wanda aka yi wa ado da filasta kuma yakan ɗan sauko. Bishiya mai ƙafa 6, ko 7 in ta yi yawa, ta isa. A bar tazara tsakaninta da silin, kuma ta yi nesa da fanka. Faɗi ne mutane ke mantawa da shi: areka mai ƙafa 6 in aka baje rassanta takan ci fili kusan mita ɗaya. A falon da kika kwatanta, guda ɗaya mai kyau a kusurwar da ke kusa da doguwar kujera ta fi uku masu araha. Kayan jere dama suna da yawa, ido yana bukatar wurin hutawa.

Ƙaramar baƙar tukunyar da bishiyar ke zuwa da ita ba ta ado ba ce, siminti ne a ciki don ta tsaya. Ki sa ta a cikin babbar tukunya, ki cike gefen da yashi don nauyi, ki rufe sama da duwatsu. Tukunyar ƙasa ta gida ko kwandon kaba suna yi mata kyau sosai, kuma ba su kai gilas tsada ba. A zaɓi manyan duwatsu maimakon tsakuwa, tunda gidan amarya ba ya rabuwa da yaran dangi, kuma yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa.

Abu biyu ke saurin kashe ta. Rana mai dukan taga kai tsaye tana kodar da koren ya koma shuɗi-shuɗi, zafin bazara kuma yana sassauta gam. In baranda za a aje ta, sai wadda aka rubuta cewa tana jure hasken rana. Na biyu shi ne kaskon turaren wuta. Wannan ina roƙon a kiyaye shi da gaske: roba da foliyesta suna narkewa, suna kamawa da wuta, hayaƙinsu kuma yana cutarwa. Ko hayaƙin turaren kansa yana barin maiƙo a ganye, ƙura ta manne. A riƙa aje kasko a ɗaya ɓangaren falon.

Wajen gogewa, burushin fenti mai laushi ko busasshen tsumma sau ɗaya a mako ya isa, a ƙara a lokacin hunturu. Lokaci-lokaci a bi ta da ruwa da ɗan sabulu, ban da bilic, ban da man sa ƙyalli. Ranar jere kuma, za ta fito daga kwali a takure. A samu mai haƙuri ta baje rassan ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kada su daidaita kamar laima. In ta intanet za ki saya, ki ce a turo miki bidiyon ainihin wadda za a kawo, a hasken rana, mutum yana tsaye kusa da ita, a kuma nuna miki bayan ganyen.