Grup ɗinmu na ƴan albasa ya koma filin gardama, yaya za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa a nan Tahoua. Mun buɗe grup na WhatsApp don mu riƙa jin farashin buhu a Galmi da Yamai da Abijan. Yanzu mun haura mutum 600, rabi ban san su ba, ba abin da ake turowa sai vokal na siyasa da talla. In rufe shi in buɗe sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka rufe. In ka buɗe sabo ba ka gyara ƙofar shiga ba, su ɗin dai za su biyo ka.

Baƙin nan ta mahaɗin gayyata suka shigo: wani ya tura wa abokinsa, shi ma ya tura gaba. Ka taɓa sunan grup a sama, ka sabunta mahaɗin, tsohon zai daina aiki nan take. Sannan a wajen izinin grup ka kunna amincewa da sabbin mambobi, ka kuma hana kowa ƙara mutum sai admin. WhatsApp na ɗaukar har mutum 1024 a grup guda, amma cika ba ita ce riba ba, tunda duk wanda ya shiga yana ganin lambobin sauran, kuma nan ƴan damfara suke kiwo.

Babban gyaran shi ne raba farashi da hira. Mutumin da ke cin rani a Abijan yana marmarin hirar gida, ba za ka iya hana shi ba, kuma bai kamata ba. Ka buɗe masa wani grup na zumunci. Na farashi kuwa ka saita shi yadda admin kaɗai ke iya tura saƙo, ka naɗa amintacce guda a kowace kasuwa, ya riƙa sa farashin safe da na yamma a taƙaice. Tun 2022 WhatsApp ya kawo tsarin al'umma, wanda ke tara grup da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da zauren sanarwa. Ya dace da ku.

Wajen naɗa admin a yi hattara. Kowane admin na iya cire ɗan'uwansa admin, wanda ya ƙirƙiri grup ne kawai ba a iya cirewa. Saboda haka kada a ba mutum don kunya ko don ya fi kowa jari.

Dokoki kada su wuce huɗu ko biyar. Ka rubuta su a bayanin grup, ka kuma faɗe su da baki a vokal, domin ba kowa ke karanta boko ba. Wanda ya saɓa, ka kira shi gefe tukuna, kada ka tsawata masa a gaban jama'a, dattijo ba ya mance wannan. Admin na iya goge saƙon kowa daga wayoyin duka mambobi, amma cikin kamar kwana biyu ne, don haka kada ka bari zagi ya kwana. Ba maganar kunya kaɗai ba ce: Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya dawo da ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya.

Za a ce maka ku koma Telegram, yana ɗaukar mutum 200,000 kuma yana ɓoye lamba. Gaskiya ne. Sai dai manoman da ke ba ku farashi ba su can.

Tambaya: Ina cikin grup na biki da na adashi da yawa a Yamai, forfe ɗina na data ba ya kwana biyu.

Amsa: Hajiya, bidiyo ne ke shanye miki shi tun ba ki buɗe ba. Ki shiga saiti, wajen ajiya da data, ki kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye. Abin da kike so kawai za ki taɓa ya sauka.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce shi admin ne, za a yi taro ta waya, in karanto masa lambobi 6 da suka shigo mini ta saƙo. Na ba shi, yanzu WhatsApp ɗina ya fita.

Amsa: Malam, mabuɗin asusunka ka miƙa masa. Ka sake shigar da lambarka a WhatsApp yanzu, sabon kod zai zo ta saƙo, da ka sa shi za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya kulle asusun da tasa lambar sirri, wato tabbatarwa mai mataki biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga. Kafin nan ka sa wani ya sanar a duk grup da kake ciki cewa kada a tura kuɗi da sunanka, a kuma cire lambarka daga admin. Da ka dawo, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri da ba shekarar haihuwarka ba.