Kafin ka sayar da fili ka sayi sabon injin girandin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon girandin tof silinda, wato goge fuskar kan injin mota ta daidaita, a Kano, wajajen Ƙofar Ruwa, shekara 3 ke nan. Ƙanin matata ne ke kan inji, ni ina kasuwa ina sayar da kayan gyaran mota. A mako muna goge kai 10 zuwa 12, kowanne naira 15,000. Amma da wuya mako ya fita bakanike bai dawo da ɗaya ba, wai gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kai da jikin injin mota, ya sake ƙonewa. Sai in biya gasket da baƙin mai, wani lokaci har da tof ɗin Beljiyam. Ina ganin injin ne ya tsufa. Ina son in sayar da filina in sayi sabo, domin wani abokina ya sayi irinsa, shekara ɗaya ya yi gida.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka bar filin nan a inda yake. Zancen abokinka da gidansa kuma mu ajiye shi gefe, domin ba ka ga littafinsa ba, ba ka san bashin da ke kansa ba.

Ka ce kana "ganin" injin ne ya tsufa. Wannan kalma ita ta tayar mini da hankali. Shekara 3 kana biyan asara, amma ba ka da takarda ko guda da ke nuna yadda kai ya shigo shagonka da yadda ya fita. Nawa ya karkace? Nawa aka ci daga jikinsa? An taɓa goge shi a wani wuri? Ba ka sani ba, yaronka ma na tabbata da ido yake aiki. Wanda ba ya rubutu, duk wanda ya ɗaga masa murya shi ke da gaskiya, shi ya sa kake biya.

Wannan sana'a ta awo ce. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a tsaye da a karkace, a zura siririn ma'aunin rata a ƙarƙashi. A yawancin kawunan alminiyam masu silinda 4, abin da kamfani ya yarda da shi bai wuce wajen milimita 0.05 ba, bai kai kaurin takardar rubutu ba. Ido ba ya ganin wannan. Sannan kowane kai yana da iyakar kaurin da ba a wucewa. Idan an goge shi sau biyu a baya, ku kuma kuka ƙara ci, matsin cikin silinda ya ƙaru, taimin, wato lokacin buɗewa da rufewar bawul, ya ɗan goce, mota ta fara ƙara tana zafi. Sabon inji na miliyoyi ma haka zai cinye shi idan mai aikin bai auna ba.

Kuma ba kowane gasket da ya ƙone ne laifin shagonka ba. Akwai kan da ya tsage tsakanin bawul da bawul, ko an goge shi ya yi ƙyalli kamar madubi ruwa zai bi. Akwai bulok, wato jikin injin da kai ke zama a kansa, da shi ma ya karkace, bakanike bai duba ba. Akwai wanda ya mayar da tsofaffin kusoshin da suka riga suka miƙe, ya ɗaure da ƙarfin dantse ba bisa tsari ba. Ga lagireto a toshe, fanka ba ta tashi, ga gasket na jabu. Duk waɗannan kai kake biya wa.

Na san wani dattijo a Kaduna da ke wannan aiki da injin da ya girmi 'ya'yansa. Kafin ya taɓa kai sai ya rubuta lambar mota, sunan bakanike, karkacewa da kauri, ya buga alama a gefen ƙarfen. Wata rana aka dawo masa da kai ana hayaniya. Ya buɗe littafi, ya sake aunawa a gaban mai motar, fuska tana nan daidai. Da aka je gareji, famfon ruwa ne ya mutu. Maƙwabcinsa kuwa, mai sabon inji da bashin banki, ɗan yayarsa ya bar wa shago ba littafi. Kafin shekara 2 an sayar da injin an biya bashi, zumuncin ma ya yi tsami.

Yi lissafi da kanka. Mako mai kyau kana samun naira 180,000, kafin man janareto da haya da kuɗin yaro. Tof ɗin Beljiyam guda ɗaya zai iya lashe mafi yawan wannan. Ke nan kai ɗaya da ya dawo yana cinye gumin kai 10.

Ba na cewa surukinka maci amana ne. Amma kunyar surukuta ta hana ka tambayarsa, shi ma ya san ba za ka tambaya ba. Ka zauna da shi cikin mutunci, ka ce daga ranar Asabar ba kan da zai hau inji sai an auna an rubuta, bakanike ya sa hannu. Wanda ya kai iyakar kauri a mayar wa mai shi, ko da zai yi fushi. Wanda aka yi zargin tsagewa a gwada shi da matsin ruwa tukuna. Kai kuma ka riƙa zuwa duk yamma kana duba littafin da idonka.

Ka yi wata 3 a haka. Idan kawunan da ke sauka daga injin suna fitowa a karkace bayan an goge, to injin ne, kuma sau da yawa gyaran dutse ko saita teburi ya isa. Ka sake rubuto mini da alƙaluman wata 3 ɗin, sai mu yi maganar sabon inji.