Na sayi karaban ta farko, mi zan sa ciki in yi tafiya da yara ƙanana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune Yamai, na sayi karaban, wannan tirela mai ɗaki da ake ja da mota, okaziyon ce daga Faransa. Yarana uku, mai shekara 6, mai 4, da ta goye wata 14. Muna so bakansin Disamba mu tai Tawa wajen kakanni, mu riƙa kwana ciki. Madam ta rubuta kaya har da firiza da katifa biyu. Don Allah mi ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Amma takardar madam a aje ta gefe tukuna, kar ka ce mata ni na ce. Kafin ka kashe ko dala, je ka duba ɗan farantin ƙarfen da ke jikin tirelar wajen sandar ja, akwai lamba da anka rubuta PTAC, shi ne iyakar nauyinta da kaya duka. Cire nauyinta tana wayam, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a ƙananan karaban sau da yawa kilo 200 zuwa 300 ne kawai. To lissafa: bido huɗu na lita 25 kilo 100 ke nan, butalin gaz na kilo 12 in yana cike ya kusa kilo 25, batir babba shi ma wajen haka. Ka ga rabi ko fiye ya tafi ba a sa ko zanen goyo ba, ina firiza za ta shiga.

Kuma ba yawan kayan kaɗai ba, inda ka aje su. Mai nauyi ƙasa, bisa tayoyi ko ɗan gaba kaɗan, baya kuwa sai bargo da tabarma. Ni kaina na taɓa yin wautar nan, na jibga buhun shinkafa da bido biyu can ƙurya ta baya don nan ne da wuri, mun wuce Dogon Dutsi kaɗan wata babbar mota ta gifta mu, sai tirela ta kama lilo kamar wutsiyar kare tana jan gindin mota dama da hagu, wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. In haka ta same ka kar ka taka birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari daidai har ta natsu. Gudu kar ya wuce 70 zuwa 80. Ka bar wuri na dawowa ma, don ka san tsofaffi, ba za su bar ku ku taso ba albasa da hatsi da cuku ba.

Tayoyi: kar zanen taya ya ruɗe ka, tayar karaban tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2317 sati na 23 na 2017 ke nan. In ta haura shekara 5 ko 6 canza, ka nemi ta sakur da jak da ya dace da ita. Bakanike ya buɗe rulma, wato boris ɗin cibiyar taya, ya sa giris, ya gwada birki da fitilun baya. Ƙwallon ja na Turai milimita 50 ne, kar wani mai walda ya haɗa maka na Amurka ya ce ai duk ɗaya ne.

Yanzu yara, nan ne nake so ka saurara da kyau. Ba wanda zai zauna cikin tirela tana tafiya, ko sun yi kuka, ko barci ya kwashe su. Cikin mota, kowa da bel, ta goye a kujerarta ta jarirai. Yamai zuwa Tawa ta Doso da Dutsi da Konni ya fi kilomita 500, da tirela da yara wuni guda ne cur, gara ku raba shi biyu.

Na biyu iska. Disamba hunturu ne, da asuba sanyin Adar na shiga ƙashi, kuma abin da mutanenmu ke yi shi ne a jawo murhun gawayi ciki a rufe ƙofa. A karaban wannan kisa ne, ba wasa nake ba. Gawayi da gaz na fidda wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ɗakin kuma ƙarami, yaro na barci sai dai a tashe shi bai tashi ba. Girki waje, shayi waje, butalin gaz a akwatinsa na gaba a rufe shi da dare, tiyon in ya tsattsage a canza, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu ba da ashana ba. Ƙananan ramukan iska da ke ƙasa da rufi kar a toshe su da tsumma don ƙura. Sanyi kuwa bargo da hula da safa sun isa. In ka samu ɗan na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, saya, da ƙaramin abin kashe gobara kusa da ƙofa.

Gado, in mai hawa biyu ne sa a yi ma na sama katanga, mai shekara 6 kaɗai zai hau. Sange ko da ba damina ba ce, kowane gado da nashi, ragar tagogi in ta yage a ɗinke. A sa sakata sama inda hannun mai shekara 4 bai kai, don irinsu ne ke buɗe ƙofa da dare su fita fitsari. Fo da bokiti mai murfi ciki, tocila kusa, takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya, kuma kowace safiya a kakkaɓe shi, kunama na son kwana ciki.

Ruwan sha ku ɗauko na gida, wanda kunka ɗiba a hanya a tafasa ko a sa ƙwayar Aquatabs a jira minti 30. Akwatin magani: SRO, wato garin gishiri da sukari na zawo, fakiti ɗaya a lita ɗaya na ruwa in zawo ya kama yaro, da zinc, parasetamol na yara, ma'aunin zafi, bandeji, man kaɗanya don leɓe da ƙafa, da karnen rigakafinsu. Zazzaɓi in ya zo ba a tsaya canke-canke, a tai CSI, wato ƙaramar likita, mafi kusa a yi gwajin palu.

Wuta ba ta buƙatar wahala. Fanon hasken rana ɗaya na wat 150 da batir mai amfa 100 za su riƙe fitilu da cajin waya da ɗan fanka. Firigon da ke zuwa cikin irin waɗannan karaban sai tana tsaye daidai yake sanyi, kuma zafinmu na Afrilu ya fi ƙarfinsa, amma a Disamba zai yi, in ya ƙi kula da ƙanƙara ta wadatar. Rumfa, tabarmi, akwatin ƙarfe, igiya, duk kasuwar Katako za ka same su, ka yi ciniki.

Wajen kwana fa, yadda tsaro yake yanzu ban yarda ka faka a daji da iyali ba, komi kyan wurin. Cikin gari, ƙofar gidan dangi ko harabar masauki, a gaida mai gari a sanar da shi, kuma la'asar ta same ku kun sauka. Takardun mota da na tirela da asiransi su zauna hannunka don shingayen jandarma.

Kafin ranar, ku kwana biyu cikinta a tsakar gida ba mai shiga ɗaki ɗauko komi, duk abin da anka nema anka rasa madam ta rubuta, abin da ba a taɓa ba a fidda shi. Sannan wata Asabar ka ja ta zuwa Doso ka dawo, ka tsaya a hanya ka dafa cibiyar kowace taya da hannu, in ta yi zafin da ba ka iya riƙewa koma wajen bakanike.