Ajiye ƙusoshin nan, ba su lemon yake nema ba

Ka tambaye ni dalilin da sabon tohon lemon nan ke fitowa ruwan ɗorawa alhali jijiyoyin ganyen suna nan kore shar, kuma wai ko ka binne tsofaffin ƙusoshi a gindinsa kamar yadda ka gani a waya. Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurara. Ƙarancin ƙarfe ne ke damun lemon, amma ba don babu shi a ƙasa ba. Ƙasar da kake takawa cike take da ƙarfe, wajen kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya shi ne. Sai dai a matsayin tsatsa yake kwance, tsatsa ba ta narkewa a ruwa, saiwa kuma ba ta da haƙori. Abin da ya narke kaɗai take sha.

Lemo, tumatir, gyada da wake, bakin saiwarsu ne ke fitar da tsami ya narkar da ƙarfen da ke manne da ita, sannan fatar saiwar ta juya shi daga siffar da masana ke kira Fe3+ zuwa wadda suke kira Fe2+, wadda ita kaɗai ƙofarta ke karɓa. Dangin ciyawa kuwa, irin su alkama, sha'ir da masara, wani sinadari suke saki ya damƙo ƙarfen, su janye shi ciki ɗungurungum. Dawa kuwa raguwa ce a cikinsu, kaɗan take saki. Masana biyu 'yan Jamus, Römheld da Marschner, su suka rarrabe hanyoyin nan a 1986. Ni a gindin bishiya na koya, kuma da asara.

Wani mai hali ne ya zo ya ce lambu yake so a bayan sabon gininsa. Na ba shi dashen lemo mai aure guda 200, waɗanda na raina shekara biyu, kowanne da hannuna na ɗaure shi. Ya ce kuɗi sai sun kama. Na yarda, don ina ganin mutumin kirki ne, ko filin ban je na gani ba. Nan na yi wauta, har yau tana cina.

Bayan wata huɗu ya aiko a kira ni. Na tarar toho duk ya yi fari fat kamar takarda, gefen ganye ya fara ƙonewa. A gaban yaransa ya ce na sayar masa da dashe mai cuta. Ban tanka ba, na karɓi fartanya na tone gindin guda. Saiwa lafiya lau, babu ruɓa, babu tsutsa. Amma ramin cike yake da ɓaraguzan siminti da farar ƙasar da ta rage daga ginin, sannan an bi kowane gindi an zuba toka, wai taki. Ga kuma ruwa ana malalawa safe da yamma har ƙasa ta daina numfashi. Na ɗebo da hannuna na nuna masa, na ce ranka ya daɗe, duk tsamin da saiwar nan ta fitar, wannan ke kashe shi tun bai yi aiki ba. Ya kawar da kai. Ya sa aka tumɓuke su duka, ko sisi bai ba ni ba, ya bi gari yana ɓata mini suna. Bishiyoyin da za su warke da an saurare ni! In na tuna su a jibge a rana suna bushewa, har yanzu zuciyata tafasa take.

Abin da ya kasa ganewa shi ne, siminti, farar ƙasa da toka suna hawar da pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ke hawa in tsami ya ragu. Duk hawa ɗaya da ma'aunin pH ya yi, narkewar ƙarfe na raguwa wajen ninki 1,000. Ƙasa ta haura 7.5, lemo ya shiga uku.

Ku yaran yanzu da kun ga rawaya sai yuriya, takin naitirojin. Ƙarancin naitirojin daga tsofaffin ganye yake farawa. Ƙarfe kuwa inda ya sauka a jikin shuka nan yake zama, ba ya komawa toho, shi ya sa sabon ganye ke fara nunawa. Haƙa rami da ban ruwa ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya su ba bai shigo sana'a ba. Magani kuwa, takin ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin da ke riƙe ƙarfen a narke. Kada a ruɗe ka da mai sinadarin EDTA, da pH ya wuce 6.5 yake fara sakin ƙarfen. Nemi mai EDDHA, jan nan da ke rina ruwa kamar jini, shi ke riƙewa har a 9. Feshin ganye kuma ganyen da ya taɓa kawai yake gyarawa, tohon da zai biyo baya fari zai sake fitowa.

Yanzu rage ruwan nan tukuna. Ka tono ƙasa daga zurfin saiwa, ka ɗiga mata binega. In ta yi kumfa, alamar akwai farar ƙasa a ciki ke nan, ka zo ka same ni kafin ka zuba komai.